Ta yaya zan san masu haɗa min manhaja suna aiki?

Tambaya: Ina da shagunan atamfa uku a Kantin Kwari. Na ɗauki matasa huɗu su haɗa min manhajar lissafin kaya da bashi, ina biyan su albashi duk wata. Kullum suna gaban kwamfuta, amma har yau ban ga komai ba. In riƙa ƙirga layukan umarnin kwamfuta da suke rubutawa ne, ko in ƙaro mutane?

Amsa: Alhaji, kada ka ƙirga layuka. A 1982 manajojin kamfanin Apple sun sa injiniyoyi su riƙa cike fom duk mako da yawan layukan da suka rubuta. Wani injiniya, Bill Atkinson, ya gyara wani sashe na manhajar zane, ya zubar da layi 2,000, manhajar kuma ta ƙara sauri. A fom ɗin sai ya rubuta -2000. Duk abin da ka ce da shi za ka auna ma'aikaci, shi zai tara maka, ko da ba shi da amfani.

Ƙaro mutane ma ba magani ba ne. Fred Brooks, wanda ya jagoranci babban aikin manhaja a kamfanin kwamfuta na IBM, ya bayyana tun 1975 cewa ƙara hannu a aikin da ya makara ƙara masa jinkiri yake yi, domin tsofaffin sai sun ajiye nasu aikin su koya wa sababbi.

Ka auna da abin da ya iso shago. Duk mako biyu su kawo ɓangare ɗaya mai aiki, ko da shigar da dilar atamfa ne kawai, yaron shagonka ya gwada a gabanka. Ka lura kwana nawa gyara ke ɗauka daga ranar da ka nema, sau nawa sabon gyara ke lalata wanda ke aiki, kuma in ya lalace, yaushe yake dawowa daidai.

A ganina abin da ka rasa shi ne shugaban aiki wanda ya san sana'ar. Shi zai yanka aikin gunduwa-gunduwa, ya duba rubutun kowa, ya gaya maka idan rashin wuta ko data ne ya tsayar da su. Shi ne kuma zai iya ce maka, "Alhaji, in aka ƙara wannan, sai an ɗaga ranar gamawa", domin sau da yawa canza ra'ayin maigida ne ke cinye watanni. Ka biya shi da kyau. Sannan tun yau ka sa a ajiye rubutun manhajar a GitHub, shafin intanet da masu haɗa manhaja ke adana aikinsu, cikin asusun da ke da sunanka, kalmar sirri tana hannunka.