Aiki Ya Hana Ni Sakat: Amsoshin Likita Kan Gajiya, Barci Da Haƙƙin Iyali

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan kukansu ɗaya ne: aiki ya cinye yini, ya shiga dare, jiki ya fara ƙorafi, mutanen gida kuma sun gaji da jira. Na tsamo guda shida, na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye.

Likita, shekaruna 38, ma'aikacin ofis ne ni. Ina fita ƙarfe 7 na safe, ba na tashi sai 8 na dare, Asabar ma ina yin awa biyar. Kwanan nan kaina na yawan ciwo, an auna jinina an ga 150/95. Da gaske ne yawan aiki na iya kashe mutum, ko faɗa ce kawai?

Malam, da gaske ne. Na lissafa maka: awa 13 sau biyar, ga biyar na Asabar, awa 70 ke nan a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike na haɗin gwiwa wanda ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanyar, akasarinsu maza. Kai ka wuce wannan iyakar da awa 15 kowane mako.

Yadda abin ke faruwa shi ne, duk lokacin da mutum yake cikin matsi, jiki na sakin sinadaran da ke sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini. Wannan shiri ne na ɗan lokaci, don mutum ya tsallake wani haɗari sannan komai ya lafa. Idan matsin ya zama na kullum, babu lokacin lafawa. A kan wannan sai a ɗora ƙarancin barci, zama wuri ɗaya, cin abinci a gurguje, ga wasu har da taba. Su ne ke haɗuwa su gajiyar da zuciya a hankali, shekara da shekaru, mutum bai sani ba.

Fara da jinin. Awo ɗaya ba ya isa a ce kana da hawan jini, amma 150/95 ya haura 140/90, iyakar da ake fara kiran hawan jini, don haka a sake aunawa a ranaku daban-daban, kana zaune ka huta na minti biyar kafin awon. In ya tsaya a sama, ka ga likita a duba sukari, ƙoda da kitsen jini, a yanke shawarar magani. Kada ka ce sai ka sami sarari. Kuma in ka taɓa ganin baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta sarƙe, ko ka ji nauyi a ƙirji da gumi, asibiti za a kai ka a lokacin, ko kana tsakiyar taro.

Sai maganar awannin. Na san ba kai kaɗai ke da iko da su ba, kuma ba zan ce ka ajiye aikin da kake ci da iyali da shi ba. Amma ka yi abu guda na mako biyu: ka riƙa rubuta abin da ka yi daga ƙarfe 5 zuwa 8. Da yawa in suka yi haka sai su tarar rabin lokacin jiran maigida ne ya tashi, ko aikin da zai iya kwana, ko na wani da aka jibga musu don ba sa iya cewa a'a. Da wannan takardar za ka tunkari shugabanka. Kada ka je masa da "na gaji". Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga ayyuka huɗu a hannuna, wanne za a fara, wanne zai jira?" Ka nemi kwana biyu a mako da za ka tashi a kan lokaci, ka kafe a kansu. Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa awa 8 a rana da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Abin da kake nema bai wuce abin da aka amince da shi fiye da shekara ɗari ba.

Likita, maigidana yana dawowa da wuri, amma kamar bai dawo ba. Waya na hannunsa har kan gado, saƙon aiki har sha biyun dare. Yara sun daina zuwa wurinsa. Shi ma barcinsa ya lalace. Me zan yi?

Hajiya, abin da ya fi taɓa ni a saƙonki shi ne yaran da suka daina zuwa. Yaro in ya zo sau uku aka ce "bari in gama wannan", ya koyi darasi, kuma ba ya faɗa.

Ta fuskar lafiya, wayar na yi masa ɓarna biyu. Hasken dare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki lokacin barci ya yi. Amma abin da ke cikin saƙon ya fi hasken illa: mutum ya karanta ƙorafin abokin ciniki ƙarfe sha ɗaya, ya kashe fitila, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da rubuta amsa har biyun dare. Matsalar ta kai ga Faransa ta yi doka, wadda ta fara aiki a Janairun 2017, da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe na'ura bayan tashi.

Kada ki tayar da maganar yana riƙe da wayar, faɗa za a yi. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki shigo ta ƙofar barcinsa da lafiyarsa, ki roƙi abu ƙarami: wayar ta kwana a falo, a sayi agogon ƙararrawa, sannan awa ɗaya bayan dawowarsa ta zama ta yara. In yana tsoron abin gaggawa, ya gaya wa abokan aikinsa cewa bayan ƙarfe tara a kira shi in abu ya ɓaci, saƙo kuwa sai safe. Zai yi mamakin ƙarancin kiran da zai samu.

Ma'aikaciyar jinya ce ni, ina aikin dare huɗu a jere. In na dawo barci ba ya zuwa, in ya zo awa uku ne. Sau biyu ina gyangyaɗi a kan sitiyari.

'Yar'uwa, gyangyaɗin nan shi za mu fara tarewa. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Ranar da kika ji ido na rufewa, kada ki tuƙa. Ki kwanta minti 20 a wurin aiki kafin ki kama hanya, ko wani ya ɗauke ki. Buɗe gilashi da ƙara sautin rediyo ba sa hana komai.

Agogon jikinki haske yake bi, shi ya sa barcin rana ke wuya. Ki sa baƙin tabarau a hanyar gida in ba ke ke tuƙi ba, ki kwanta da zarar kin isa, kada ki ce bari in ɗan share ɗaki. Ɗakin ya yi duhu sosai da labule mai kauri, ya yi sanyi gwargwadon hali, a toshe kunne. Kofi ko shayi a farkon dare za ki sha, domin bayan kamar awa biyar rabin kafeyin, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yana nan a jini. Kofin ƙarfe huɗun asuba shi ke hana ki barcin tara na safe. In barcin ya katse a awa huɗu, ki ƙara awa ɗaya da rabi da yamma kafin ki fita. Mutanen gida kuma a zaunar da su a yi musu bayani: barcinki na rana shi ne darenki, ba a tashinki don baƙo ko neman makulli.

Maganin barci kada ki fara shi da kanki, ko da yana kusa da hannunki a wurin aiki. Mu ma'aikatan lafiya mun fi kowa faɗawa wannan ramin.

Likita, malamar makaranta ce ni, 'ya'yana uku. Da ina son aikina, yanzu ganin ɗalibai ma haushi yake ba ni. Na tashi a gajiye, na kwanta a gajiye. Ina jin na gaza a gida, na gaza a makaranta.

Malama, ba ki gaza ba, aiki biyu kike yi ana lissafa miki ɗaya. Abin da kika bayyana ya yi kama da matsananciyar gajiyar aiki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace a 2019 da alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga rai har mutum ya riƙa jin haushinsa, da jin ba ka iya komai a cikinsa. Hukumar ta ɗauke ta a matsayin matsalar da yanayin aiki ke haifarwa, ba ta ɗauke ta a matsayin cuta ba. Wato gyaran yana cikin rage nauyin, ƙwaya ba ta ɗauke shi.

Duk da haka ba zan ɗora komai a kan aiki ba sai an duba ki. Ƙarancin jini ya yi yawa a mata masu haila da masu haihuwa kusa-kusa, kuma gajiya ce babbar alamarsa. Ciwon sukari da raunin ƙwayar tayirod da ke wuya su ma haka suke zuwa. Gwajin jini mai sauƙi zai raba gardama. Akwai kuma ciwon damuwa. Gajiyar aiki takan sassauta in an sami hutu, shi kuwa yana bin mutum ko'ina: baƙin ciki kusan kullum na mako biyu ko fiye, rashin jin daɗin abin da da ake so, canjin barci da cin abinci. In kina jin haka, musamman in tunanin gara mutuwa ya taɓa zo miki, ki ga likita a wannan makon, ki kuma gaya wa wani da kika yarda da shi. Ciwo ne mai magani.

A gida, ki zauna da maigida ki jera masa ayyukan yini ɗaya tun daga farkawa har kwanciya, har da waɗanda ba a gani, irin su tuna ranar rigakafin yaro da sanin abin da ya ƙare. Sau da yawa ba mugunta ba ce, bai taɓa ganin jerin ba ne. Ya ɗauki wasu gaba ɗaya, ba sai kin tuna masa ba. Yaron da ya kai shekara bakwai zai iya gyara shimfiɗarsa da haɗa jakarsa. Makin jarrabawa kuma ki yanka masa lokaci, in ya cika ki rufe. Sannan ki ware rabin awa a rana wadda ba ta ɗalibai ba ce, ba ta 'ya'ya ba, ki yi abin da ranki ke so a ciki ba tare da jin kin yi laifi ba.

Ni tela ne, sana'ar kaina nake yi. Ranar da ban zauna kan keke ba, babu kuɗi. Bayana da wuyana na ciwo, kullum sai na sha maganin ciwon jiki da lemun ƙara kuzari. Ina zan sami lokacin hutu?

Malam, na fahimce ka, mai sana'ar kansa ba shi da hutun shekara. Amma jiki magayi, kuma naka ya fara magana. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, in ana shansu kullum, suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Lemun kuzarin kuma kafeyin ne da sukari. Yana ɓoye gajiyar na 'yan awanni, ya hana barcin dare, gobe ka sake nemansa. In abin ya kai ga tramadol, ka nemi taimakon likita a rage shi a hankali, kada ka yanke lokaci ɗaya.

Hutunka a cikin aikin za ka saka shi. Duk rabin awa ka miƙe na minti biyu, ka juya wuya da kafaɗu. Duk minti 20 ka ɗaga ido daga allura ka kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20. Kujerar ta zama mai jingina, tsayinta daidai yadda ba sai ka sunkuya ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar, ta cika mafi ƙarancin.

Abin da zai fi yi maka wuya shi ne ƙin karɓar ɗinkin da ka san ba zai yiwu ba sai da kwanan zaune. Ka san kaya nawa kake iya gamawa a mako cikin natsuwa; ka tsaya a nan, wanda ya zo bayan haka ka ba shi ranar gaskiya. Yini ɗaya a mako kuma a rufe shago. In ciwon bayan ya fara sauka ƙafa da sagewa ko rauni, ko fitsari ya fara kufcewa, wannan na asibiti ne da gaggawa.

Ina barcin awa biyar a ranakun aiki, in rama a ƙarshen mako. Ya wadatar?

Bai wadatar ba, ɗana. Baligi na bukatar aƙalla awa bakwai kowane dare. Ramuwar tana rage jin gajiya, amma ba ta goge duk tasirin kwana biyar a kan hankali da sukarin jini, kuma tashi da rana tsaka ranar Lahadi shi ke hana ka barci da wuri a daren, ka shiga Litinin a gajiye. Ka tsayar da lokacin tashi guda, kada na ƙarshen mako ya wuce shi da fiye da awa ɗaya, sannan ka riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan 'yan kwanaki har ka kai bakwai ɗin. In kuma kana cika awannin amma kana tashi a gajiye, ana ce maka kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, ka je a duba ka, domin wannan ɗaukewar numfashin na da alaƙa da hawan jini kuma ana maganinta.