Kwalekwalen da ya daɗe a tudu: me ya sa ya kife da mu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni tela ne a Maraɗi, amma gidanmu a Madarunfa yake. Na sayi tsohon kwalekwalen katako don in riƙa taɓa kamun kifi ranar hutu. Ya yi kamar wata huɗu a kife a tudu kafin in saya. Ranar da muka sa shi a tafki ni da ƙanena, ba mu yi wani nisa ba ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Yaron ya miƙe zai ɗauko kwano, sai ga mu tsundum. Allah ya sa ruwan iya ƙugu ne. Waya ta mutu, kalli, wato ragar kamun kifin, ya cuɗe da laka. Cutata aka yi a cinikin, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Barka da arziki, kai da ƙanen naka. Kada ka yi saurin kai ƙarar wanda ya sayar maka. Yadda ka ba da labarin nan, na fi zargin rana da gaggawarka.

Katako yana kumbura idan ya jiƙa, yana tsukewa idan ya bushe. Jirgin da ya yi wata huɗu yana shan ranar Maraɗi, duk mahaɗin allunansa ya buɗe baki, wani wurin har ka hango haske ta ciki. Irin wannan ba a hawansa ranar farko. Ana kai shi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a ɗaure shi a turke, a bar shi ya cika da ruwa ya kwana biyu ko uku. Daga nan a kwashe ruwan tas, a sake barinsa ya kwana, da safe a duba abin da ya tara. In ɗan kaɗan ne, ya sha ya ƙoshi. In ya sake cika, sai a nemo wurin yoyon a cusa masa tsumma ko auduga a bi da kwalta. Sai dai a kula: wanda ya danƙara tsumma da ƙarfi tun katakon yana bushe, idan ya zo kumbura sai ya rasa wuri, ya ture ƙusa ko ya tsage. Na sha ganin gyaran da ya fi ɓarnar farko illa.

In kana son sanin ko an cuce ka, ɗauki wuƙa ka bi ƙasan jirgin kana dannawa da tsininta, musamman hanci da gindi da kewayen ƙusoshi. Inda ta nutse kamar a dafaffen rogo, ruɓa ce ko aikin gara, kuma jiƙo ba ya maganinsu. A nan ne kake da magana da mai shi.

Amma fa ba yoyon ne ya kifar da ku ba, miƙewar yaron ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan jarka guda mai lita 20 a cikin jirgi kilo 20 ke nan, kuma ba ya zama wuri ɗaya kamar buhun hatsi. Duk ɓangaren da jirgi ya karkata, can yake kwarara ya ƙara masa nauyi. To ga mutum a tsaye, ya kuma sunkuya gefe. Shi ke nan. Shi ya sa abin kwasar ruwa ba ya zama a can ƙarshen jirgi ƙarƙashin kalli. Yanke gindin tsohuwar jarka, ka ɗaure ta da igiya daidai ƙafar wanda zai kwasa, ya yi aikinsa a zaune.

Shigar ma da yadda ake yinta. Sababbin shiga suna tsoron jiƙa wando, sai su hau alhali hancin jirgi yana kan tudu, gindinsa yana ruwa. A wannan hali ya fi saurin mirginawa, ga shi turawa da kaya a ciki tana kankare masa ƙasa. Naɗe wandonka ka tura shi har ya tashi a kan ruwa gaba ɗaya. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya shiga a duƙe, ƙafa a tsakiya, hannu a kan baki biyu. Ba a taka bakin jirgi. Kaya masu nauyi su kwanta a ƙasa a tsakiya, kuma ka tuna kallin da ka tafi da shi a bushe ba haka zai dawo ba.

Lakar tafki tana riƙe sanda. Idan sandar tuƙi ta kafe jirgi yana tafiya, sake ta. Mutum ya ce sai ya ciro, jirgi ya wuce ya bar shi rataye, mutanen gaɓa su yi ta dariya idan ruwan gajere ne. Idan da zurfi kuwa ba abin dariya ba ne, saboda haka filafili kada ya rabu da cikin jirginka. Kalli kuma a tattare shi nesa da ƙafa, da wuƙa a jikinka, don wanda zare ya naɗe wa ƙafa iya iyonsa ba ya fisshe shi. Jifan birgi a tsaye, wato ragar da ake wurgawa, ka koye shi a gaɓa tukuna.

Ba ka gaya mini ko ƙanenka ya iya iyo ba, abin da ya fi damuna ke nan. In ba ku da rigar kariya, jarka mai lita 20 wadda ba komai ciki, an ɗaure murfinta tam, tana riƙe kan mutum a saman ruwa, kamar yadda gora ke yi wa masunta tun kaka da kakanni. Kowa da tasa. Ku bar babbar riga da takalmin roba mai tsawo a gaɓa. Idan jirgi ya kife a zurfi, ku kama shi ku yi kira, na katako yawanci ba ya nutsewa ƙasa.

Da damina, in ka ga gabas ta haɗe, kada ka saka jirgi. Iska takan riga ruwan isowa. Gulbin Maraɗi kuwa daga Najeriya yake gangarowa ta Jibiya, yana iya cika alhali ko ɗigo ba a yi a nan ba. Ka ƙyale shi bana. Ranar da ka kai shiga, hancin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, kada ka ba shi haƙarƙari.

Ranar hutunka mai zuwa ka sa jirgin a jiƙo, ka je ka gaida Sarkin Ruwa, ka kuma tambayi ma'aikatan ruwa da daji batun takardar izinin kamun kifi. Fitarka ta farko ka roƙi wani tsohon masunci ya zauna maka a baya, ba kalli, ba waya, ku kewaya kusa da gaɓa ku dawo.