Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tsarin Kai Harinmu Yake Wargajewa a Ranar Gasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare ta je-ka-ka-dawo a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa. Ina horar da yara goma sha huɗu ƙwallon kwando a kan fili ɗaya na siminti, da ƙwallo biyu. Na kwafo tsare-tsaren kai hari guda bakwai daga YouTube, yaran sun haddace su, amma da zarar mun je gasa sai komai ya wargaje, alƙalin wasa kuma ya yi ta busa mana laifi idan yaro ya tare wa ɗan'uwansa mai tsaro. Ina kuskuren yake, kuma tsari nawa ya kamata in koya musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan ɗawainiya. Matsaloli biyun da ka kawo asalinsu ɗaya ne, domin kusan kowane tsarin kai hari an gina shi ne a kan abin da 'yan wasa ke kira sikirin, wato ɗan wasa ya tsaya da jikinsa a hanyar mai tsaro don abokinsa ya kuɓuce. Ni na fi son in kira shi katanga, saboda sunan kansa yana koya wa yaro doka, tunda kowa ya san katanga ba ta tafiya. Idan katangar ba ta kafu daidai ba, tsari bakwai ko saba'in duk zane ne a takarda.

Mu fara da abin da alƙalin wasa yake kallo. A dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, katanga tana halatta idan mai kafa ta yana tsaye wuri ɗaya, ƙafafunsa biyu a ƙasa, a lokacin da jikinsa ya haɗu da na mai tsaro, ba tare da ya turo gwiwar hannu ko ƙugu ko gwiwa waje ba. Idan ya tsaya a gaban mai tsaron da ba ya motsi ko a gefensa, inda yake ganinsa, yana iya matsowa kusa yadda yake so muddin bai taɓa shi ba. Idan ta bayansa ya zo, dole ne ya bar masa tazarar taku ɗaya. Idan kuwa mai tsaron yana cikin gudu, sai a bar masa sararin da zai iya tsayawa ko ya kauce, wanda bai gaza taku ɗaya ba, bai kuma wuce biyu ba. Ka koya wa yaran su buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, su ɗan durƙusa, su harɗe hannuwa a ƙirji ko a ƙasan ciki.

Sai dai ga abin da masu horarwa da yawa ba su lura da shi ba: mafi yawan laifin da ake busa wa mai katanga, ba shi ya jawo shi ba, mai riƙe da ƙwallo ne. Yaro yana hango ɗan'uwansa ya taho sai ya zabura kafin wancan ya dasa ƙafa, mai tsaro ya bi shi, su yi karo da mutumin da bai gama tsayawa ba, usur ya tashi. Na taɓa zuwa wata gasa da littafi cike da zane, aka busa wa dogon yarona irin wannan laifi sau uku kafin hutun rabin lokaci, na zaunar da shi ina ta yi masa faɗa, sai daga baya da na natsu na gane cewa ɗan gajeren da ke jan ƙwallo ne ba ya jira. Maganin da na samu shi ne mai katanga ya yi tsalle kaɗan ya dira da ƙafa biyu, takalminsa ya yi ƙara a kan siminti, mai ƙwallo kuma kada ya motsa sai ya ji wannan ƙarar. A lokacin hunturu, da ƙura ke sa fili santsi, a share shi da tsintsiya kafin atisaye, domin yaron da ƙafarsa ke zamewa ba zai taɓa kafa katanga ta halal ba.

Bayan jira sai kusurwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: bayan mai katanga ya fuskanci wurin da ake so abokinsa ya je. Shi kuma abokin ya fara yin taku ɗaya ko biyu zuwa wani ɓangaren don ya yaudari mai tsaronsa, sannan ya dawo ya wuce kafaɗa da kafaɗa da mai katangar, har rigunansu su gogi juna. Duk tazarar da ya bari a tsakani, ta nan mai tsaro zai kurɗa.

Yanzu ga dalilin da ya sa tsare-tsarenka suke wargajewa. Yaran sun haddace inda za su je, ba su koyi kallon mai tsaro ba, alhali shi ne yake faɗa musu abin da za su yi. Ɗauki misalin yaron da ba ya riƙe da ƙwallo, wanda aka kafa wa katanga a kusa da kwando don ya fito gefe ya karɓa. Idan mai tsaro ya biyo shi a baya kamar jela, sai ya lanƙwasa ya kewaye katangar ya nufi kwando, domin mai tsaron yana bayansa, babu abin da zai iya. Idan mai tsaron ya yanke ta ciki don ya riga shi isa, sai yaron ya ja da baya zuwa lungun fili, katangar ta kasance tsakaninsu. Idan kuma mai tsaron ya tare masa hanyar fita tun kafin ya iso katangar, sai ya juya ya faɗa ƙarƙashin kwando ta bayansa. Mai katanga shi ma yana da nasa karatun, wanda kishiyar na abokinsa ne: abokin ya shiga ciki, shi ya fito waje, abokin ya fita waje, shi ya juya ya buɗe hannu a ciki. Sau da yawa ma mai katangar ne yake samun kansa shi kaɗai, saboda masu tsaro biyu sun bi mutum ɗaya.

Haka abin yake idan katangar ta mai ƙwallo ce, wadda ake kafawa sannan a juya a gangara kwando. John Stockton da Karl Malone sun yi shekara 18 tare a ƙungiyar Utah Jazz ta Amurka, daga 1985 zuwa 2003, kuma duk wanda ya kara da su ya san wannan dabarar za su yi, amma sanin bai hana su kai wa wasan ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1997 da 1998 ba. Sirrin shi ne ana tilasta wa mai tsaron mai katanga ya zaɓi ɗaya, ko ya tare mai ƙwallo ko ya bi nasa mutumin, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Idan ya fito ya tare, a miƙa wa mai gangarawa. Idan ya ja da baya, mai ƙwallo ya tsaya ya jefa. Idan suka yi musayar mutane, to gajere ya koma tsaron dogo a gindin kwando, sai a ba dogon ƙwallo.

A nan akwai gyaran da ya shafi yaranka musamman. Layin maki uku yana da nisan mita 6.75 daga tsakiyar kwando, kuma a bidiyon da ka kalla a can wajensa ake kafa katanga, saboda waɗancan 'yan wasan suna ci daga nesa. Lokacin da D'Tigers, 'yan ƙwallon kwando maza na Najeriya, suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas a 2021, jifan maki uku har 20 suka ci. Ɗan aji huɗu na sakandare ba ya wannan jifan, abokan karawa kuma sun sani, saboda haka za su bi ta bayan katangar su jira shi a ciki. Ka sauko da katangar zuwa kusa da layin jifan kyauta, ta yadda duk wanda ya bi ta baya ya bar wa yaronka jifan kamar mita huɗu zuwa biyar, wanda zai iya ci.

Game da yawan tsari, shawarata ita ce ka ajiye biyar ka riƙe biyu. Na farko shi ne wanda ake kira ƙaho, saboda tsayuwar tana kama da ƙahon sa: mai ƙwallo a sama ta tsakiya, dogaye biyu a kusurwoyi biyu na layin jifan kyauta, sauran biyun a lungunan fili. Mai ƙwallo ya zaɓi ɓangaren da yake so, dogon da ya kafa masa katanga ya gangara kwando, ɗayan ya fito sama ya zama mafaka. Amfanin 'yan lungu shi ne su riƙe masu tsaronsu a waje, don haka ka hana su matsowa neman ƙwallo, duk da cewa wannan shi ne abin da ya fi yi wa yara wuya.

Na biyu na shigo da ƙwallo ne daga layin ƙarshe, a gefen kwandon abokan karawa, inda doka ta ba da daƙiƙa 5 kacal. Yara huɗu su tsaya a kusurwoyi huɗu na akwatin da ke gaban kwando. Na ƙasa a ɓangaren ƙwallo ya hau ya kafa wa na samansa katanga, wannan ya fita lungu. Nan take na ƙasa a ɗaya ɓangaren ya tsallako ya kafa wa mai katangar farko tasa katangar, shi kuma ya faɗa kwando ta ɓangaren da aka bari fayau. Mai katanga ta biyu ya juyo ya sauko ɓangaren ƙwallo, na huɗun ya koma sama ya tsaya saboda ko ta-kwana. Masu tsaro sukan manta da wanda ya fara kafa katanga, kuma a nan cin yake.

Ka kuma shirya wa tsaron yanki, domin ƙungiyoyin makarantu da yawa ba sa bin mutum da mutum, biyu suke tsayawa a gaba uku a baya su cushe gindin kwando. Katanga tana aiki a kansu, sai dai wurinta ne yake sauyawa. A kafa ta a gefen waje na ɗaya daga cikin biyun gaba, mai ƙwallo ya wuce, na bayan ya fito tare shi, lungu ya zama babu kowa. A kuma ajiye yaro mai kaifin ido a bayan layin jifan kyauta kaɗan, a wajen akwati, saboda dokar daƙiƙa 3, wadda ta hana mai kai hari daɗewa a cikin akwati, ba ta kama shi a nan.

Da ƙwallo biyu da rabin fili biyu kana da duk abin da kake buƙata. Tsakanin la'asar da magariba, ka raba yaran su yi biyu da biyu, sannan uku da uku, ka sa doka cewa ƙwallon da aka ci bayan katanga makinsa ninki biyu ne. Ka zana wuraren tsayuwa da gawayi a kan simintin, ka nuna motsin da murafun kwalba guda goma kafin su shiga. Da farko kai ne za ka riƙa gaya wa mai tsaro abin da zai yi, ya bi baya ko ya yanke ta ciki, daga baya ka bar shi ya zaɓa da kansa. Tunda babu agogon jifa a filinku, ka sa ɗaya daga cikin masu jiran layi ya riƙa ƙirga daƙiƙa 24 da doka ta bayar a jefa ƙwallo a kwando da ƙarfi, su saba da cewa idan suka cinye daƙiƙa 8 da aka ba su na tsallaka tsakiya, abin da ya rage bai wuce 16 ba. Kada ka shigo da ƙaho a wasan biyar da biyar sai ka ga an yi mako guda cur ba ka busa wa kowa laifin katanga mai tafiya ba.