Kulle Masallaci Ga Wanda Ba Shi Da Makwanci, Da Biyan Haya Da Kuɗin Zakka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kwamitin wani masallacin khamsu salawati ne a unguwar Bukoki, nan Yamai. Tun damina mutum biyu ke kwana a ciki: wani dattijo da ruwa ya kayar masa da ɗakin laka, da wani saurayi ɗan ci-rani mai dako a kasuwar Katako. Makon jiya aka wayi gari babu batirin sola, sai wasu suka ce a riƙa kulle ƙofa bayan isha'i. Akwai kuma wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, mai gida ya fitar mata da kaya saboda bashin hayar wata 4, jika 15 kowane wata. Yanzu ita da ƴaƴanta uku suna rumfar maƙwabta. Ya halatta mu kulle? Kuma za mu iya kama mata ɗaki da zakka ko da kuɗin asusun masallaci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun ba a sayo kwaɗo ba.

Kulle masallaci don tsare kayansa halas ne, malamai ba su hana ba. Abin da bai halatta ba shi ne ku mayar da waɗannan mutane bakin titi alhali ba ku sama masu wani wuri ba. Kuma ɓatan batiri ba hujja ba ce a kansu. Wa ya gan su? Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, wani sashe na zato zunubi ne. A yi wa batirin akwatin ƙarfe a sa masa kwaɗo, shi ne abin da ya fi sauƙi.

Kwanan marar gida a masallaci ya tabbata tun zamanin Annabi (SAW). Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yana kwana a masallacin Annabi lokacin yana saurayi ba shi da iyali. Ahlus Suffa kuwa, wato talakawan sahabbai marasa muhalli, can ne gidansu. Abu Huraira ya ce ya ga mutum 70 cikinsu, babu mai cikakkiyar sutura. Har mace ma: Nana A'isha ta ba da labarin wata baiwa da aka ƴanta, mutanenta suka tuhume ta da satar wani abin ado na yarinya, ashe shirwa ce ta sure shi. Da ta zo Madina ta musulunta, ƴar bukka take da ita cikin masallaci. Ka dubi wannan da kyau, ita ma zargin sata aka yi mata, kuma masallacin Annabi ne ya karɓe ta.

A mazhabarmu, abin da aka ruwaito daga Imam Malik shi ne ba ya son mai gida ya mai da masallaci makwanci, amma bai ga laifi ga baƙo ba. Dattijonku da ɗan ci-ranin nan ba masu gida ba ne, saboda haka karhancin bai hau kansu ba. Sharaɗi dai su kiyaye tsabta, su naɗe tabarma kafin asuba, wanda janaba ta same shi ya fita ya yi wanka nan take, domin Malikiyya ba su yarda mai janaba ko mai haila ya zauna cikin masallaci ba. Wannan ma ya sa matar da ƴaƴanta gida ya fi dacewa da su. In akwai zaure ko ajin Islamiyya, a ba mazan nan mabuɗinsa, sannan ku kulle masallacinku ba laifi.

Inda nake so in ja hankalin kwamitinku shi ne, muhalli haƙƙi ne, ba alfarma ba. Da Allah ya lissafa wa Annabi Adamu ni'imar Aljanna a Suratu Ɗaha, aya ta 118 da ta 119, abu huɗu ya ambata: ba yunwa, ba tsiraici, ba ƙishirwa, ba zafin rana. Shehu Halilu a Mukhtasar ya sa tunkuɗe cuta daga Musulmi cikin farillan kifaya, masu sharhi suka kawo misalin ciyar da mayunwaci da suturta marar tufa. Ibn Hazm ya faɗa ƙarara cewa wajibi ne mawadatan kowane gari su sama wa talakawansu mazaunin da zai kare su daga ruwa da rana da idon masu wucewa. Farillar kifaya kuwa, in babu wanda ya yi ta, duk mai iko a unguwar ya ɗauki zunubi. Ni abin yana sosa mini rai, in ga an sa tayil da fanka a masallaci, ga ɗari ya kunno kai, tsoho yana ƙudundune cikin buhu a bakin ƙofarsa.

Zakka ta halatta ga matar nan ta fuska biyu cikin takwas ɗin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata: matalauciya ce, kuma mai bashi. A Malikiyya ana iya ba talaka abin da zai ishe shi shekara guda, ko ya wuce nisabi, haya kuma tana cikin buƙatunsa. Ku damƙa mata kuɗin a hannunta, ko ta wakilta ku ku biya da izininta. Shi mai gidan, in ya tabbata ba ta da shi, aya ta 280 ta Baƙara ta wajabta masa jinkirta mata bashin, yafewa kuma ya fi. Amma kada ya ce ya yafe jika 60 ɗin ya lissafa a zakkarsa. Hakan bai isar masa ba.

Kuɗin asusun masallaci kuwa, abin da aka bayar don gini, wuta da ruwa, amana ce, ba a karkatar da ita ba tare da yardar masu bayarwa ba. Ku ajiye akwati na daban, liman ya sanar da jama'a abin da ake tarawa, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Kada kuma ku sauke wa hukuma nauyinta. A 2020 kogi ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya cinye gidaje a Lamorde, Kirkisoye da Saga. A 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, ga waɗanda ruwa ya kora suna fake cikin azuzuwa. Ƙasar nan tana da dokar Disamba 2018 mai kare waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasa. Dattijon nan ruwa ne ya raba shi da ɗakinsa, saboda haka mutum biyu cikinku su ɗauke shi zuwa wurin mai unguwa, daga nan ofishin magajin gari na yankinku, a nemi a sa sunansa cikin waɗanda ambaliya ta shafa. Neman wannan ba bara ba ne, kada ya ji kunya.

Ku fara da matar, tunda ita ke da ƙananan yara a waje. Mazan biyu su ci gaba da kwana inda suke har ku miƙa masu mabuɗin wani ɗaki.

Wallahu a'alamu.