Ɗan takara ya ce zai dawo da soja gida: a yarda da shi?

Tambaya: Malam, duk lokacin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka sai mu ji 'yan takara suna alkawarin kawo ƙarshen yaƙi da janye soja. Shin shugaban yana da ikon yin haka shi kaɗai? Kuma an taɓa samun wanda ya cika alkawarin?

Amsa: Iko kam yana da shi. Tsarin mulkin Amurka ya ba shugaba matsayin babban kwamandan askarawa, don haka idan ya ce soja su tattara su dawo, ba sai ya nemi izinin majalisa ba. Majalisa lalitar kuɗi take riƙe da ita. Tana iya ƙuntata masa ta wannan hanya, amma da wuya ta tilasta masa ya bar soja a inda ba ya so.

Inda gizo ke saƙar shi ne, janye soja daban, kashe wutar yaƙi daban. Na farko a hannun shugaba yake. Na biyu kuwa sai abokan gaba sun yarda, su kuma ba sa jefa ƙuri'a a Amurka.

Duba zaɓen 2008, wanda yaƙin Iraƙi ya mamaye farkonsa. Barack Obama ya ce zai kwashe rundunonin yaƙi cikin wata 16. Abokin karawarsa John McCain ya ƙi sa rana, har ya ce ba zai damu ba ko soja sun shekara 100 a can, muddin ba a kashe su, kamar yadda suke zaune a Koriya ta Kudu da Japan. Mai sauraro zai ɗauka tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Amma kafin Obama ya hau mulki, gwamnatin George Bush ta riga ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin firaministan Iraƙi Nuri al-Maliki cewa dukkan sojan Amurka za su fice kafin ƙarshen 2011. Wato duk wanda ya ci zaɓen, wannan takarda zai tarar a kan teburinsa.

Kuma ka lura da lafazin Obama: rundunonin yaƙi ya ce, bai ce kowane soja ba. A Agustan 2010 da aka shelanta ƙarshen aikin yaƙi, kimanin soja 50,000 suka rage da sunan horarwa da ba da shawara, kowa da bindigarsa. Sai a Disamban 2011 ayarin ƙarshe ya tsallaka zuwa Kuwait, shi ma bayan an kasa daidaitawa da Bagadaza kan ko kotunan Iraƙi za su iya hukunta sojan da aka so a bari. Da ƙungiyar ISIS ta kama birnin Mosul na Iraƙi a 2014, Obaman ne dai ya sake tura soja. A ganina ya cika alkawari gwargwadon yadda ya furta shi, sai dai ba yadda masu tafa masa suka fahimta ba.

Richard Nixon ya fi wannan muni. A 1968 ya yi alkawarin kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam cikin mutunci. Ya riƙa rage soja kam, amma ya faɗaɗa yaƙin zuwa Kambodiya, kuma Amurkawa fiye da 20,000 suka mutu a zamaninsa kafin a sa hannu a yarjejeniyar Paris a Janairun 1973. Dwight Eisenhower ne za a ce ya yi abin a zo a gani: a 1952, ana cikin yaƙin Koriya, ya ce zai je can, ya je, aka tsagaita wuta a Yulin 1953. Amma har yau akwai sojan Amurka wajen 28,500 a Koriya ta Kudu.

Afganistan kuma ta nuna ɗaya gefen. Donald Trump da Joe Biden, duk da rashin jituwarsu, bakinsu ɗaya kan a fice. Gwamnatin Trump ta sa hannu a yarjejeniyar janye soja da Taliban a Doha a Fabrairun 2020, Biden ya ƙarasa aikin a ƙarshen Agustan 2021. An cika alkawari, amma Kabul ta faɗi tun 15 ga watan, bom ya kashe sojan Amurka 13 da 'yan Afganistan kusan 170 a ƙofar filin jirgi, farin jinin Biden kuma ya zube.

Saboda haka idan ka ji alkawarin, ka kasa kunne ka ji ko an sa rana ko an ce sai hali ya yi, ko duka soja ake nufi ko wani ɓangare, da kuma wanda za a bar wa ƙasar. Kada ka yi mamaki idan ɗan takara ya yi ta kwana-kwana a kan waɗannan. George McGovern, wanda ya kara da Nixon, ya fito fili a 1972 ya ce cikin kwana 90 zai kwashe soja daga Biyetnam. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, amma Nixon ya cinye jihohi 49 cikin 50, kuma masu tsara yaƙin neman zaɓe ba su manta ba.