Zuciyata Ta Bushe a Addu'a, Ko Bangaskiyata Ta Mutu Ne?

Tambaya: Fasto, a farkon tubana, da na durƙusa yin addu'a sai hawaye su zubo saboda daɗi. Yanzu kuwa ina karanta Littafi Mai Tsarki, ina zuwa sujada, amma ba na jin komai. Shin Allah ya bar ni ne?

Amsa: 'Yar'uwa, bushewar da kike ji ba shaida ba ce cewa Allah ya juya miki baya. Bangaskiya tana dogara ne ga abin da Almasihu ya yi a kan gicciye da kuma alkawarin da Allah ya ɗauka, kuma waɗannan ba sa raguwa a ranar da zuciyarki ta yi nauyi.

Wannan ba yana nufin motsin rai abin banza ne ba, domin Allah ne ya halicce mu da shi. Yesu da kansa ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi ba da jimawa ba (Yohanna 11:35). A lambun Getsamani, kafin a kama shi, ya gaya wa uku daga cikin almajiransa cewa ransa yana fama da baƙin ciki kamar ya mutu, ya kuma roƙe su su zauna su yi tsaro tare da shi. Saboda haka ina ganin masu cewa mai bi na gaskiya ba ya baƙin ciki sun ɗora wa mutane nauyin da Ubangijinsu bai ɗora musu ba.

Sai dai shauƙi kaɗai ba ma'auni ba ne. A misalin mai shuka da Yesu ya bayar, waɗanda suka karɓi Maganar Allah nan take da murna su ne irin da ya faɗa a kan duwatsu, da tsanani ya zo suka yi tuntuɓe saboda ba su da saiwa (Markus 4:16-17). Hawayen farkon tubanki kyauta ne mai kyau, amma saiwar ita ce wannan durƙuson da kike ci gaba da yi ba tare da jin daɗinsa ba.

Ki buɗe Zabura 88. Marubucinta ya yi kuka tun daga farko har ƙarshe, bai sami sauƙi ko a aya ta ƙarshe ba, amma duk maganarsa da Allah yake yi. Ke ma ki gaya masa halin da kike ciki yadda yake, ba sai kin yi masa ado ba.

Ki kuma duba jikinki. Lokacin da annabi Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel da ke neman ransa ya zauna a gindin wata bishiya a jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ci abinci ya sha ruwa kafin Allah ya yi masa magana a dutsen Horeb (1 Sarakuna 19). Idan bushewar nan ta haɗu da rashin barci, da rashin son abinci, da ɗaukewar sha'awar komai har tsawon makonni, ki sanar da wata dattijuwa amintacciya a ikkilisiyarku, ki kuma je ki ga likita.