Amsoshin Tambayoyinku: Marsandi 500 SEL ta 1985 da matsalolin da aka gani wajen gwaji

Tambaya: Malam, an yi mini tallar Marsandi 500 SEL ƙirar 1985. Da na gwada ta, na ji injin yana ƙara kamar ana jan sarƙa na 'yan daƙiƙu bayan an tayar da shi, sannan tana tashi da nauyi idan na taka totur, sitiyarin kuma yana wasa. Dillalin ya ce duk halin tsohuwar mota ne. In saya ko in haƙura?

Amsa: Malam, dillalin ya faɗi gaskiya a kan abu ɗaya, sauran kuwa ya rufe maka ido ne. Wannan mota tana cikin jerin da kamfanin ya kira W126, wanda aka ƙera daga 1979 zuwa 1991, kuma giyarta mai sarrafa kanta an tsara ta ne ta tashi da giya ta biyu idan ba a taka totur sosai ba, domin kada mai gida da ke zaune a baya ya ji fizga. Saboda haka nauyin tashin ba cuta ba ne, matuƙar tana sauya giya ba tare da jinkiri ko fizga ba.

Ƙarar sarƙar ita ce abin tsoro. Injin motar mai silinda takwas ne, kuma sarƙar taimin ɗinsa, wato sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin, tana bi ta kan wasu maƙallai na roba mai tauri, waɗanda zafi da shekaru ke busar da su har su koma ruwan ƙasa, su riƙa gutsurewa. Idan guntu ya faɗa tsakanin sarƙar da haƙoranta, sarƙar tana iya tsallakewa, fistin ya daki bawul, aikin da zai biyo baya kuwa yana iya cin kuɗin da ya kusa na motar. Ka koma da sassafe tare da bakanike wanda ya san tsofaffin Marsandi, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa, domin wasu masu sayarwa sukan ɗuma shi kafin mai saye ya iso. A buɗe murfin bawul a duba launin robar da idonka.

Wasan sitiyari kuwa sau da yawa daga akwatin sitiyarin ne ko daga sandunan da ke haɗa shi da tayoyi, kuma gyaransa bai kai a fasa ciniki ba. Amma ka leƙa ƙarƙashin gilashin baya da wuraren da ake sa jak, inda tsatsa ke ɓuya a irin wannan mota.

Idan jikin yana da lafiya, ka saya, bisa sharaɗin a cire kuɗin sabuwar sarƙa da maƙallanta daga farashi, kuma kada ka kama hanyar nesa da ita kafin a yi wannan aikin.